Rigar da Ba Ta Shan Ruwa

Karshi, Abuja
6 ga Mayu

Zuwa ga Yayana, Malam Hafizu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da ɗalibanka da duk mutanen Zariya. Yaya gwiwar nan, ta yi sauƙi? Ina fatan ba ka daina shafa man da na aiko ba. Mu nan Karshi lafiya lau, sai zafi, har yanzu ruwan sama sau biyu kawai ya sauka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Kure direba, alhali ga waya. Dalili shi ne, ranar Juma'a da ka kira ka daɗe kana magana, ni kuwa ban ce komai ba sai to, to. Ka ajiye waya kana zaton na yarda. Ban yarda ba, Yaya. Muryata ce ba ta fita a gabanka, tun ina ƙarama haka nake. Amma idan na bar ka da wannan zaton, na yi maka ƙarya ke nan da shiruna, kuma ina tsoron ranar da za a tambaye ni. Shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar 'yarka ce, ta farin tawa, wadda ka san ba na kama sunanta. Bari in faɗa maka yadda abin yake, don waɗanda suka kawo maka labari sun ƙara gishiri. Ba ta bar jami'a ba, tana aji huɗu, tana nan kan karatunta na injiniyan lantarki. Su goma sha bakwai ne ɗaliban da ke son zama hafsoshin sojan ruwa, mata huɗu a ciki. Kullum bayan sallar asuba suna haɗuwa su yi gudu da tsalle-tsalle a hannun wata mata, Madam Perpetual, mutuniyar Filato, wadda ta yi shekara ashirin da biyu a sojan ruwa kafin ta yi ritaya. A watan Yuli za a gwada su. Wanda ya ci zai tafi horo na wata uku a bakin teku, daga cikinsu ne ake zaɓar waɗanda za su zama hafsoshi idan sun gama karatu. Akwai fom da uwa ko uba zai sa wa hannu, da wani babba a matsayin shaida. Babanta shekara shida ke nan da rasuwa, kai ka tsaya mata a madadinsa, shi ya sa ta fara da kai.

Gudu ta wuce har wasu mazan. Abu ɗaya ya rage mata, iyo. A kwamin iyo za ta tafi daga bango zuwa bango sau biyu, sannan ta tsaya a kan ruwa mai zurfi minti uku ba ta dafa komai ba. Yarinyar da ruwa bai taɓa wuce idon sawunta ba, domin na rene ta yadda Inna ta rene mu.

Ka kawo dalili biyu, maza da tsiraici. Game da maza, Yaya, suna nan a jami'a, suna nan a motar da take hawa daga Karshi zuwa cikin gari kowace safiya a matse, ba su hana ka yi mata addu'a ranar da ta sami gurbin karatu ba. Tarbiyyar da ta riƙe ta a can ita za ta riƙe ta a jirgi. Game da tsiraici kuwa, shekara ashirin da shida ina kan keken ɗinki. Idan na kasa ɗinka wa 'yar cikina abin da zai rufe ta a ruwa, to, a banza na tsufa a kan keken nan.

Akwai dalili na uku da ba ka faɗa ba, amma na ji shi a muryarka. Ni ma ba zan faɗe shi yau ba.

Ka yafe mini idan na yi tsauri. Ka gaishe da 'yar wajenka Nabila, ka ce na ga hoton saukarta, Allah ya sa albarka.

Ƙanwarka,
Zaituna


Karshi, Abuja
29 ga Mayu

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ba ka ba ni amsa ba, ban kuma yi fushi ba. Na sake rubutowa ne don akwai abin da ya faru, kuma gara ka ji daga bakina kafin ka ji a bakin wani. Kada hankalinka ya tashi, tana nan da ranta, yanzu haka tana tsakar gida tana wanke takalmin gudunta.

Laifina ne, daga farko har ƙarshe.

Na ɗinka mata kayan da na ce. Kwana huɗu na yi a kansu. Na zaɓi yadin auduga mai kauri, ruwan toka, na yi wando har idon sawu da riga har gwiwa da abin rufe kai. Sai na yi tunanin cewa tufa idan ta jiƙe takan lafe a jiki ta nuna sura, don haka na sa shafi, ninki biyu. Na sake tunanin ruwa zai ɗaga rigar sama, sai na zura igiya mai kauri a kalmasar ƙasa, irin wadda nake sa wa labule don ya tsaya. Duk abin da na sani na sutura na zuba a kayan nan, Yaya. Abin da ban sani ba shi ne ruwa.

Makonni uku ta yi tana koyo a gefen da ba zurfi, da aron kayan wata ƙawarta, har ta fara iya tsallaka kwamin. Wani otal ne a cikin gari yake ba su wurin, ranar Alhamis da safe mata zalla. Ta ce in zo in gani. Na je, na zauna a kan wata kujerar roba da hijabina, warin maganin da suke zuba wa ruwan yana hawa mini kai. Ta fito daga ɗakin sauya kaya a rufe ruf, na ji daɗi har cikin raina. Daga baya ta gaya mini tun da ta ɗaga kayan ta san sun yi nauyi, amma ta ga kwana huɗun da na yi a duƙe, ta kasa faɗa. Ka ga halin gidanmu, Yaya, ita ma to take cewa.

Madam tana can ɗaya gefen tana gyara wa wata yarinya hannu. 'Yarka ta ɗago mini hannu, ta faɗa ta wajen zurfin don ta nuna mini abin da ta koya. Ta yi bugu huɗu ko biyar lafiya. Daga nan sai na ga rigar ta kumbura, sannan ta lafe, sannan kanta ya nutse. Ya fito sau ɗaya, bakinta a buɗe, ba ta yi ƙara ba. Ashe mai nutsewa ba ya ihu. Na ga igiyar labulen nan ta naɗe mata cinya.

Shekara ashirin da biyu ban kira sunanta ba. Ranar na kira. Na miƙe na ce Khairat, da muryar da ban san ina da ita ba, har masu shara suka leƙo. Madam ta faɗa ruwan da takalminta da agogonta, ta kamo ta ta baya, sauran 'yan matan suka ja su. Ta yi aman ruwa, ta yi tari, ta zauna. Abu na farko da ta ce shi ne wai ashe Umma ta san sunanta.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta sa aka cire rigar, ta ɗaga ta da hannu biyu, ruwa na zuba kamar an kwance bakin famfo, ta miƙo mini. Da Hausarta ta mutanen Abuja ta ce: "Mama, riƙe ki ji. Wannan ba riga ba ne, likkafani ne kin ɗinka." Na riƙe. Da ƙyar hannuna ya ɗaga ta.

Yanzu zan faɗi dalilin nan na uku. Ladidi. Ina da shekara tara, ita bakwai, kai sha biyar, ranar da ƙanwarmu ta zame a bakin rafin Kubanni muna wanki. Kai ka shiga ka fito da ita. Ina tsaye da kwandon wanki a hannu, na ga abin da ka fara yi da ka kwantar da ita a kan yashi, zaninta ka warware daga ƙafafunta, ya naɗe su kamar an ɗaure da gangan. Ba mu taɓa maganar nan ba, ni da kai. Inna ta hana mu ruwa, ko kwalekwale ba mu sake hawa ba, muka girma muna cewa ruwa ya ci Ladidi. Ajali gaskiya ne, ban musa ba. Amma sababi shi ne zani da rashin iya iyo, kuma shekara arba'in ba wanda ya koyi komai a gidanmu daga mutuwarta sai tsoro. Da mun koya, da ban ɗinka wa 'yata zanin Ladidi da hannuna ba.

Na san za ka ce wannan ishara ce, a bari. Ni ma na ɗauke shi ishara. Na yi istihara kwana uku, abin da ya zauna a zuciyata shi ne in koma kan keke. Na tambaye ta ko ta fasa, ta ce ranar Alhamis mai zuwa za ta koma. Ban hana ta ba, kuma ba zan hana ta ba.

Ka yi mini addu'a ko da kana fushi.

Ƙanwarka,
Zaituna


Karshi, Abuja
24 ga Yuni

Yaya Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da gida. Mun ji an yi ruwa sosai a Zariya, Allah ya sa damina mai albarka ce. Nan ma hanyar Karshi ta ɓaci, sai an tattare zani ake shiga kasuwa.

Kure ya isar da saƙonka, kuma bai rage komai ba, har da inda ka ce na tsufa ban yi hankali ba, kuma babu hannunka babu bakinka. Ya faɗa yana kallon ƙasa, sai da na ba shi haƙuri. Na ji, na kuma gode da ka damu har ka yi fushi. Ga abin da na yi tun daga lokacin.

Na je kasuwar Wuse na bi shaguna ina roƙon ƙyalle, na samo iri tara, na yanka su girma ɗaya. Na ɗauki baho da jarkar ruwa na tafi wurin mai awon citta a kasuwarmu, wani Bakatsine mai haƙuri, na roƙe shi aron sikelinsa. Kowane ƙyalle na auna shi a bushe, na tsoma, na sake aunawa. Matan kasuwa suka kewaye ni. Mai kifi ta tambaya ko yanzu atamfa ma da kilo ake sayarwa, wata ta ce a bar Hajiya, miyar yadi za ta yi. Na bar su suka yi dariyarsu. A ƙarshe na ɗora waccan rigar ta farko. A bushe kilo ɗaya ce da ɗan kai. Da ta sha ruwa ta kusa kilo huɗu. Sai dariyar ta tsaya, domin sun san labarin.

Wanda ya ci shi ne irin yadin da 'yan ƙwallo ke sawa, mai santsi, wanda da ko kallonsa ba na yi. Allurar sikeli da ƙyar ta motsa. Saura matsalar lafewa da ɗagewa. Na kai wa Madam zane a takarda, muka yi gardama, ta soke wannan na soke wancan. Ta ce kada komai ya yi lilo a ƙasan gwiwa, na ce kada komai ya nuna sura. Muka tsaya a kan na ciki mai kama jiki, da riga a sama mai ɗan sakewa wadda ake maɓalle ta da wandon ta gefe biyu, ba ta tashi ba ta naɗewa. Ba shafi, ba igiya. Ta ce da a ce lokacin da suke jirgi ni aka ba wa ɗinkin kayansu, da ba su sha wahala ba.

Guda biyu na ɗinka, Yaya. Ɗaya awonta, ɗaya awona.

Na yi wa kaina alkawari ba zan sake sa mata abin da ban gwada ba. Ranar Alhamis na sa nawa, na ɗora hijabi a kai har bakin kwamin, sannan na cire. 'Yarka ta ce Umma don Allah, na ce ta matsa. Na sauka ta tsani, matakala ɗaya, biyu, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ba zan ɓoye maka ba, yashin Kubanni nake gani. Madam ta sa tafin hannunta a bayana ta ce in kwanta kamar a kan katifa. Na ce ba zan iya ba. Ta ce: "Mama, ruwa ba ya jin haushin kowa. Ki kwanta." Na yi bisimilla na kwanta. Kunnuwana suka shiga ruwa, duniya ta yi shiru, ban jin komai sai numfashina. Ina kallon sama, ina karanta abin da ya zo bakina. Can na juya ido na ga Madam tsaye nesa da ni, hannayenta biyu a sama tana nuna mini. Ashe ta daɗe da sakina.

Ruwa ya ɗauke ni, Yaya. Ni Zaituna, da shekara arba'in da tara da nauyina. Da na fito na taɓa rigar, kafin in gama kuka ta fara bushewa.

Kai ka karantar da ni cewa magabata sun so a koya wa yara iyo. Na tuna ranar, a zauren Baba, ka karanta ka wuce da sauri ba ka yi bayani ba. Ban kawo wannan don in yi gardamar ilmi da kai ba, ni wace ce. Na kawo ne don ka san ba daga Abuja na samo ra'ayin nan ba.

Ga fom ɗin a cikin ambulan. Layin shaida naka ne, na bar shi fari. Ranar Litinin ta sama za a mayar da shi. Idan ka sa hannu, ka faranta mana. Idan ba ka sa ba, ka dawo mini da shi ta hannun Kure, zan nemi wani, kuma ina faɗa maka tun yanzu don kada ka ce na zagaye ka. Na haɗa da ƙyallen yadin. Ka jiƙa shi ka gani da idonka.

Wadda ba ta daina girmama ka ba,
Zaituna


Karshi, Abuja
21 ga Yuli

Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, gwiwa kuma ta bar ka kana zuwa masallaci da ƙafarka.

Fom ya dawo, layinka fari kamar yadda ya tafi. Na duba ambulan sau biyu ko akwai 'yar takarda, babu. Limamin unguwarmu ya sa hannu a wurin. A layin uwa na rubuta sunana, a layin ɗaliba kuma aka ce in rubuta nata da hannuna, na rubuta Khairat, harafi bayan harafi, ban ji kunyar kowa ba. Na ga tun da na kira shi sau ɗaya don tsoro, ya kamata in kira shi sau ɗaya don alfahari.

An yi gwajin ranar Talata. Ba a bar iyaye sun shiga ba, muka tsaya a bakin ƙofa ƙarƙashin wata bishiya, ni da uwar wani yaro daga Kuchigoro da ta riƙe hannuna kamar mun saba. Bango zuwa bango sau biyu, ta yi. Minti ukun nan kuma ta ce ba ta san sun cika ba sai da aka busa usur. Wani hafsa ya tambaye ta inda ta sayi kayan, ta ce Ummanta ce ta ɗinka. A cikin goma sha bakwai, tara suka ci, mata biyu. Jiya Asabar na raka ta tasha. Na so in yi mata nasiha mai tsawo, sai na ga duk ta riga ta sani, na ce ta riƙe salla, ta kuma daina cewa to idan abu ya yi mata nauyi. Ta ce in gaishe da Kawu, in ce maka idan ta ga teku kai za ta fara ɗaukar wa hoto, ko ka duba ko kada ka duba.

Abu ɗaya ban gani a ambulan ba, ƙyallen. Ban tambayi Kure ba, shi ya faɗa da kansa. Wai yana tsaye yana jiran amsa ka shiga da shi gefen zaure, ka zuba masa ruwan buta, ka matse, ka ɗaga shi a rana kana juyawa, ka daɗe a haka. Sannan ka ninke ka sa a aljihu. Ban ce ka yarda ba. Na dai faɗi abin da aka gani.

Saura magana ɗaya, kuma ba zan ɓoye maka ita ba. Nabila ta kira ni shekaranjiya. Ba soja take so ba, kwantar da hankalinka. Ta ce akwai wurin da ake koya wa mata iyo kusa da makarantarsu, tana so, tana tsoron tambayarka. Na ce mata ba zan yi komai a bayan idonka ba, amma zan faɗa maka, ga shi na faɗa. Yadin ya ragu, zai ishe ta. Ni ina nan ina zuwa duk Alhamis, yanzu ina kaiwa rabin kwamin kafin in kama bango.

Ka aiko mini da awonta ta hannun Kure, kafaɗa da tsawon hannu da tsawon wando. Idan bai zo ba, na riƙe ta tana jaririya, na ga hoton saukarta, zan kintata.

Ƙanwarka har kullum,
Zaituna, uwar Khairat